Sojojin Da Suka Koyi Harbin Igwa A Baƙuwar Ƙasa

Masu iya magana sun ce kowa ya bar gida, gida ya bar shi. To, amma sojojin ƙasar Polan da za mu ba da labarinsu ba da son ransu suka bar gida ba. A watan Satumba na 1939 Jamus ta auka wa ƙasarsu daga yamma, Rasha ta shigo daga gabas, suka raba ta biyu. Aka kwashi dubban jama'a zuwa gidajen kurkuku da sansanonin aikin tilas a Rasha.

Da Hitila ya juya kan Rasha a 1941, sai Rasha ta ƙulla yarjejeniya da gwamnatin Polan mai gudun hijira a Landan. Aka saki fursunonin don su kafa runduna a ƙarƙashin Janar Anders, wanda shi ma daga kurkukun Mosko aka fito da shi. Da yake abinci da makamai ba su wadata ba, a 1942 aka ƙetarar da su zuwa Farisa, mutum fiye da 110,000, har da mata da yara.

Daga nan aka kai sojojin Iraƙi da Falasɗinu, Ingila ta ba su kayan yaƙi, suka duƙufa koyon harbin igwa cikin zafin hamada. Igwar da suka fi aiki da ita harsashinta nauyinsa laba 25 ne, tana kuwa jefa shi nisan mil 7 da 'yan kai. Mutum 6 ke kula da kowace igwa. Galibi masu harbin ba sa ganin abin da suke hari. Wani hafsa ne ke laɓewa can gaba, yana aiko da lissafi ta waya ko rediyo. In lissafin ya kuskure, 'yan'uwansu harsashin zai sauka a kai. Shi ya sa aka yi ta maimaita horon wata da watanni.

An ga amfanin wannan wahala bayan an kai su Italiya. Daren 11 ga Mayu, 1944, igwogin ƙawancen Ingila fiye da 1,000 suka buɗe wuta a yankin dutsen Monte Cassino, inda Jamusawa suka tare hanyar Rum. Ran 18 ga watan, tutar Polan ta tashi bisa kangon gidan ibadar da ke ƙolin dutsen.

Sai dai a taron Yalta na 1945 manyan ƙasashe suka bar wa Rasha gabashin Polan, mahaifar da yawa daga cikinsu. Akasarinsu ba su koma gida ba. Janar Anders ya mutu a Landan a 1970, aka binne shi a Monte Cassino, tsakanin kaburburan sojojinsa fiye da 1,000.