3.4 Hasashen Sauya Ƙwaƙwalwar Kwamfutar Tafi-da-Gidanka: Misalin PowerBook G5

A wannan sashe za a duba yadda hasashen da ake yi a kan sabuwar ƙwaƙwalwar kwamfuta, wato ɓangaren da ke sarrafa bayanai, yakan saɓa wa abin da ke faruwa daga baya. Za a kafa hujja da kamfanin Apple na ƙasar Amurka.

A watan Yuni na shekarar 2003, kamfanin ya gabatar da kwamfutar tebur mai suna Power Mac G5, mai ɗauke da ƙwaƙwalwar da kamfanin IBM ya ƙera. Tun daga lokacin aka yi ta hasashen cewa za a saka irinta a cikin kwamfutarsa ta tafi-da-gidanka, wato PowerBook. Wasu masu saye har sun jinkirta suna jira.

Sai dai hakan bai tabbata ba, saboda dalilai biyu. Na farko, wannan ƙwaƙwalwa tana da zafi ainun, domin fankoki tara ne ke sanyaya Power Mac G5, abin da siririyar kwamfuta ba za ta iya ɗauka ba. Na biyu, tana cin wuta da yawa, don haka batir ba zai jima ba.

A watan Yuni na shekarar 2005, shugaban kamfanin, Steve Jobs, ya sanar da komawa ga ƙwaƙwalwar Intel. A watan Janairun 2006 aka gabatar da MacBook Pro mai ɗauke da Core Duo.

Daga bayanan da suka gabata, za a fahimci cewa duk hasashen da ya dogara da sauri kawai, bai lura da zafi da cin wuta ba, yana da rauni.