Gandun da Ba Shi da Shinge: Raƙuman Dawa na Kure da Gawon Dallol

Duk ɗan Arewa da ke zirga-zirga tsakanin Dogondutsi da Yamai ya san hanyar nan kamar yunwar cikinsa: Kore Mai Ruwa, Bolbol, Dosso, a gangara Birnin Gaure, a haye tudu, sai Kure. Daga nan saura kamar kilomita 60 a shiga babban birni. A daidai wannan wuri akwai alluna a bakin kwalta masu hoton wata dabba mai dogon wuya, suna gargaɗin direba ya sassauta. Galibinmu muna wucewa ne muna gyangyaɗi, ko muna lissafin abin da za mu tarar a Yamai. Ni ma na yi shekaru ina wucewa haka, ban taɓa kawowa a raina cewa a bayan gezar da ke gefen hanya akwai abin da babu irinsa a duk faɗin duniya ba.

Raƙumin dawa na Afirka ta Yamma dabam yake da ƴan uwansa na Kenya ko Afirka ta Kudu da ake gani a talabijin. Fatarsa ta fi haske, tabbansa ja-ja ne kamar ƙasar tukunya da ba ta gama gasuwa ba, ƙafafunsa kuma daga gwiwa zuwa ƙasa kusan fari fat. Wani masanin dabbobi Bature, Oldfield Thomas, shi ya raɗa masa sunan kimiyya "peralta" a 1898, bayan ya duba ƙasusuwan wani da aka harbe a wajejen Lakwaja, inda Kwara da Binuwai suka haɗu. Wannan kaɗai ya isa ya nuna irin faɗin ƙasar da dabbar ke yawo a da: daga Senegal har Tafkin Cadi. Yau babu ita a Senegal, babu a Mali, babu a Nijeriya. Nijar kaɗai ta rage. An daɗe ana zaton akwai irinta a gidajen namun daji na Turai, sai binciken ƙwayoyin halitta na 2007 ya nuna waɗancan ƴan wani reshe ne na Cadi da Kamaru. Ke nan, in ta ƙare a nan, babu inda za a je aro.

Kuma saura ƙiris ta ƙare. A 1996 da aka ƙidaya, guda 49 aka samu.

Na je Kure a lokacin sanyi, ƴan shekaru kafin a rufe wurin a 2020. Abin da ya fara ba ni mamaki shi ne babu ƙofa, babu waya, babu keji. Wanda ya saba da gidan namun dajin da ke cikin gidan tarihi na Bubu Hama a Yamai zai yi ta waige-waige yana neman inda gandun ya fara. Akwai dai ofishin ƴan jagora a bakin hanya. A lokacin, a nan ake biya, a ba ka mutum ɗaya ya shiga motarka. Namu Bazabarme ne mai jin Hausa sosai, riƙe da wata siririyar sanda da yake miƙawa ta taga yana nuna wa direba dama ko hagu. Muka bar kwalta muka shiga gonaki. An gama girbin hatsi, kara na tsaye, awaki na kala. In muka tarar da yaro mai kiwo sai ya tsaya ya tambaye shi ko ya ga wucewarsu da safe. Sau biyu yana hawa rufin mota ya kare idonsa da hannu. Mun fi awa ɗaya a haka, har direba ya fara tsaki.

Sai ya ce a kashe mota. Na duba, ban ga komai ba sai gawo uku. Can sai reshe ɗaya ya motsa, ashe wuya ne. Uwa ce da ɗanta, da wasu biyu a bayansu. Muka sauka muka taka a hankali har tazarar da ba ta wuce jifan dutse ba. Ta dube mu sau ɗaya da manyan idanun nan masu dogon gashi, ta koma ga cin abincinta. Harshen, baƙi-baƙi, tsawonsa ya kusa rabin mita, takan naɗe reshe da shi ta zuge ganyen ta bar ƙaya. Da suka tashi tafiya na gane dalilin da ya sa kakanninmu suka kira ta raƙumi: ƙafar gaba da ta baya na gefe ɗaya suke ɗagawa tare, sak takun raƙumin Buzu. Wata mata ɗauke da itace ta ratsa ta kusa da su, ko kallo ba su ishe ta ba, su ma ba su fasa abin da suke yi ba.

Wannan matar, a ganina, ita ce gandun. Ba sojoji ne suka tsare raƙuman Kure ba, ba kuma shinge ba. Haƙurin manoma ne. Dabbobin nan ma ba a nan suka taru tun asali ba. Farin shekarun 1970 da 1980, musamman na 1984, da farauta, su suka koro su daga wajejen Ayoru da iyakar Mali suka gangaro kudu, suka tarar da mutanen da ba su ɗauke su nama ba. Babu zaki a yankin, kura ma ta yi wuya, don haka ɗan da aka haifa yakan rayu. Mace takan ɗauki ciki wata 15, ta haifi ɗa ɗaya a tsaye, ya faɗo ƙasa da tsawon babban mutum, cikin awa guda ya miƙe.

Kyautar raƙumin dawa tsohuwar al'adar sarakuna ce. Ibn Khaldun ya ba da labarin wanda sarkin Kanem ya aika Tunis a 1257, da wanda jakadun Mali suka kai Fas wajen 1360, jama'a suka yi dafifi don kallo. Amma abin da ya yi kyau ga garke mai dubbai bai dace da garke mai hamsin ba. A 1996 an yi ƙoƙarin kama wasu a Kure don a kai su kyauta ga shugabannin ƙasashe maƙwabta, da dama suka mutu wajen kamun. Raƙumin dawa ba ya jure maganin barci mai tsawo. Zuciyarsa, mai nauyin kilo 11 ko makamancin haka, an gina ta ne don ta tura jini sama mita biyu zuwa kai, in ya daɗe a kwance sai lissafin ya rikice. Wannan asara ce ta farkar da mutane. A shekarar aka kafa ƙungiyar ceton raƙuman dawa ta Nijar, ASGN. Wata masaniya Bafaranshiya, Isabelle Ciofolo, ta yi shekaru tana bin garken. A 1998 aka kafa dokar farauta da kare namun daji mai lamba 98-07. Aka shigo da ƙidaya ta hoto: tunda zanen jikin kowane raƙumi nasa ne shi kaɗai, kamar zanen yatsa, sai a ɗauki gefen dama da na hagu a ajiye a kundi. Jagoranmu ba ya buƙatar kundin. Daga nesa yake cewa wannan ɗiyar wance ce.

Dabarar da ta fi aiki ba ta da alaƙa da dabba kai tsaye. Rijiyoyi aka haƙa, aka ba mata ƙananan rance, aka raba irin shuka, aka horar da samari su zama ƴan jagora, domin ƙauye ya ga cewa dogon wuyan nan yana kawo wani abu. Zuwa 2017 adadin ya haura 600. A 2018 ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, ta sauko da raƙumin dawan nan daga jerin masu fuskantar ƙarewa, inda ta sa shi tun 2008, zuwa matakin da bai kai wancan tsanani ba.

Kada mai karatu ya ɗauka zaman lafiya ne lau. Raƙumin dawa ba ya cin hatsi, amma yana son wake, kuma yana son mangwaro. Manomin da ya ɗora harawarsa a kan reshe don kada akuya ta kai, ya ajiye ta ne daidai bakin wanda ya fi akuya tsawo. Doka ta hana ka taɓa shi, kuma babu mai biyan ka buhun da ka rasa. Wani dattijo da muka tarar a gindin rumbunsa, da jagora ya fassara mini maganarsa, cewa ya yi baƙi na zuwa daga Turai su ɗauki hoton ɓarawon wakensa, su tafi ba su tambayi mai waken ba. Dariya yake yi, amma ba wasa yake ba.

Sannan ga ranar 9 ga Agusta, 2020. Ƴan bindiga a kan babura suka kashe mutum takwas a yankin: Faransawa shida ma'aikatan ƙungiyar agaji ta ACTED, da direbansu, da jagoransu, ƴan Nijar. Aka rufe wurin, baƙi suka ɗauke ƙafa. Kuɗin da ke sa manomi ya kau da kai ya ragu, raƙuman kuwa ba su daina haihuwa ba, ba su kuma daina son wake ba. Garken ya bazu har wajejen Fandu, Dingazi da Simiri, inda mutane ba su saba da shi ba.

To, me ya shafi ɗan Matankari ko ɗan Geceme a nan Arewa? Ya shafe shi ta wajen itace. Rayuwar raƙuman nan kan tudu da kwari take juyawa. Da damina suna kan tudun Kure da Fakara, cikin dajin nan mai jere-jere wanda in an hango shi daga jirgi yake kamar zanen jikin dabba: layin geza da taramniya da sabara, sai fako, sai wani layin. Ruwan da ya gangaro daga fakon shi ke shayar da layin da ke ƙasa da shi. Da rani kuwa sai su sauka kwarin Dallol Boso, wajejen Harikanasu, saboda gawo. Kowa a Arewa ya san halin gawo: yana kaɗe ganye da damina lokacin da kowa ke kore, ya yi lif da rani lokacin da kowa ya bushe. Shi ya sa hatsi ke kyau a gindinsa, shi ya sa makiyayi ke sassabe shi, shi ya sa raƙumin dawa ke kaiwa ga ruwan farko da rai. Tudun kuwa shi ne murhun Yamai; kullum manyan motoci na fita da itacensa, gonaki na cin sauran.

Dallol Mauri namu tagwai ne da Dallol Boso. Dukansu matattun koguna ne da suka taɓa kwarara zuwa Kwara, ruwansu na kusa da ƙasa, dukansu an sa su cikin jerin dausayoyin Ramsar a 2004. Gawonmu gawonsu ne. Bambancin shi ne namu dajin ya riga ya yi shiru. Kawuna, wanda ya gaji baka da kwari daga mahaifinsa, yakan lissafa abin da tsofaffi suka ce sun tarar, jimina da gwanki da barewa garke-garke, ya ƙare da cewa yanzu mahalbi sai zomo da zabon daji, su ma sai an sha wuya. Yaran da ke tasowa a Tibiri sun san waɗannan sunaye ne a karin magana kawai.

Can arewa, cikin hamada ta sosai, labarin ya fi muni. Mariri, farar dabbar nan mai ƙaho kamar takobi lanƙwasasshe, an ayyana ƙarewarta a daji a 2000. Sai da aka kwaso jikokin waɗanda ke tsare a Abu Dabi aka sake su a Cadi daga 2016. Adaks mai murɗaɗɗen ƙaho, wadda kan yi watanni ba ta sha ruwa ba, dominta aka keɓe gandun Termit da Tin Tumma a 2012, faɗinsa a lokacin kusan murabba'in kilomita 97,000. Binciken 2016 guda uku kacal ya gani, bayan aikin man fetur na Agadem ya shigo da hanyoyi da motoci da bindigogi. Jimina mai jan wuya kuma a Kelle, cikin ƙasar Gure, ake renonta a killace. Abin lura ne cewa wadda aka ba fili mafi girma ita ta fi shiga uku, wadda ke kwana a gonar talaka ita ta ninka fiye da sau goma. Ba ina cewa gandu ba shi da amfani ba ne. Takarda ce kawai ba ta gadi.

Masana sun daɗe suna fargabar tara ƙwai a kwando ɗaya, domin annoba guda ko fari guda na iya share garken Kure. Shi ya sa a Nuwamban 2018 hukumar gandun daji, tare da Giraffe Conservation Foundation da Sahara Conservation Fund, suka kama guda takwas, suka tsare su makonni a wani shingen itace har suka natsu, sannan suka loda su a babbar mota zuwa Gadabeji, a ƙasar Dakoro, tafiyar kusan kilomita 800. Gadabeji gandu ne tun 1955, UNESCO ta karɓe shi a 2017, kuma ya yi kusan shekara 50 rabonsa da raƙumin dawa. A 2022 aka ƙara kai huɗu, kuma sun fara haihuwa a can, cikin Fulani da Buzaye makiyaya.

Wanda ya san ƙasar ya san babbar mota daga Kure zuwa Dakoro ta Dosso take bi, ta Dogondutsi, ta Ƙonni. Da na faɗa wa kawuna cewa raƙuman dawa sun ratsa ta gindin dutsen garinmu a bayan mota, kawunansu a sama, sai ya ajiye igiyar da yake tufka ya dube ni.

"Kai ɗan nan, da gaske? Ba su sauke ko guda ba?"

Na ce a'a, Kawu, Gadabeji aka nufa.

Ya yi shiru, ya dubi gawon da ke bayan gida, wanda makiyaya suka sassabe har ya koma kamar hannun kuturu.

"To, in sun sauke, mi zai ci?"