André Bationo, masanin ƙasar noma da ya auna taki da marfin kwalba

Manoman Garagumsa da dama sun san dabarar nan ta zuba ɗan takin zamani a kowane ramin shuka maimakon watsa shi cikin gona. To, ɗaya daga cikin masanan da suka yi aiki a kanta shi ne André Bationo, ɗan Burkina Faso.

Ya yi digirinsa na dakta kan sinadaran ƙasa a jami'ar Laval ta Kanada, sannan ya shafe shekaru yana bincike a cibiyar ICRISAT ta Sadore, kudu da Yamai. A 2014 Tarayyar Afirka ta ba shi lambar yabo ta Kwame Nkrumah.

Abin da binciken ya nuna shi ne, jigawarmu ba ƙishin ruwa kaɗai gare ta ba, akwai yunwar sinadarin fosfor. Ko damina ta yi kyau, in babu shi hatsi ba ya yin jijiya sosai.

Ga lissafin: giram 6 na taki 15-15-15, kamar cikin marfin kwalbar lemo ke nan, a kowane rami. Hekta mai rami 10,000 za ta ci kilo 60. In DAP ne, giram 2 ya isa, wato kilo 20. 'Yan uwa na waje masu aiko da kuɗin taki, ku riƙe wannan.

Amma fa marfin kwalba bai maye gurbin takin dabbobi ba. Gwaje-gwajen Sadore sun nuna gonar da aka bar wa kararta ta fi wadda aka share ƙaf bada amfani, ga shi nan kuwa kara abincin bisashe ne, kuma shi ne danni.