Ciyawar Soso da Garin Katako: Yadda Masu Ƙananan Jiragen Ƙasa Ke Shimfiɗa Daji da Arha

A birnin Hamburg na Jamus, cikin tsofaffin rumbunan kaya na unguwar Speicherstadt, akwai wani gida mai suna Miniatur Wunderland, wanda tagwaye Frederik da Gerrit Braun suka buɗe a 2001. A ciki ƙananan jiragen ƙasa ne masu aiki da lantarki ke ratsa garuruwa da duwatsu da aka ƙera da hannu, akasari a ma'aunin 1:87, wato an rage girman kowane abu sau 87. Wannan sha'awa ta daɗe a Turai da Amurka, inda magidanci zai keɓe ɗaki guda ya shekara yana gina layin dogonsa. A Amurka masu wannan sha'awa har mujalla gare su, Model Railroader, da ke fitowa tun 1934.

Kan jirgi da taragai saye ake yi, kuma da tsada. Ƙasar da jirgin zai bi ta kai kuwa, ciyawa da turɓaya da tsakuwa da ƙananan itatuwa, aikin mai layin ne, kuma a nan ake gane gwani. Kamfanoni irin su Woodland Scenics a jihar Missouri da Noch a kudancin Jamus suna sayar da ciyawar roba a ƙananan ledoji. Kayansu na da kyau, sai dai wanda zai rufe teburi mai faɗin ɗaki zai ji a aljihunsa. Shi ya sa da yawa suke karkata zuwa shagunan kayan ƙawa da sana'ar hannu, irin su Michaels da Hobby Lobby, ko ma kicin da bayan gida.

Wannan ba sabuwar dabara ba ce, da ita aka fara. Kafin kamfanoni su shigo, garin katako ake rinawa kore a barbaɗa a kan fenti tun bai bushe ba. Itatuwa kuma da wata busasshiyar gansakuka ta ƙasashen arewacin Turai ake yin su, a jiƙa ta da gilisarin don kada ta rududduge. A shekarun 1960 editan Model Railroader, Linn Westcott, ya yayata hanyar haɗa garin filasta da garin launi a tankaɗe a kan jiƙaƙƙen wuri. A gidan tarihi na Pendon da ke Long Wittenham a Ingila, wanda Roye England ya kafa a 1954 don adana kamannin ƙauyukan yankin a shekarun 1930, har da gashin mutum an yi jinkar ɗakuna.

Abin da ke raba aikin da ya yi kyau da wanda ya koma wasan yara shi ne lissafi. A ma'aunin 1:87, mutum mai tsawon mita 1.75 ya koma kimanin santimita 2. Ƙwayar yashi mai milimita 1 ta zama dutse mai kusan santimita 9, wanda ya cika tafin hannu. Zaren ciyawa mai milimita 6 ya zama ciyawar da ta haura rabin mita, ta kai wa mutum gwiwa. Ke nan yashin ado da ake sayarwa don zuba wa a kwalabe ko tukwanen fure, wanda ido ke gani da laushi, a kan layin dogo tarin duwatsu ne. Don haka rariya ta fi kowane kayan aiki muhimmanci. Ana tanadar iri biyu ko uku, daga mai manyan idanu zuwa matatar shayi, har da tsohuwar safar mata ta nailan don samun gari mai laushin ƙura. Abin da ya tsaya a sama ya zama duwatsun gefen rafi, na tsakiya tsakuwa, na ƙasa kuma hanyar ƙafa.

Wata ciyawa da ta yaɗu sosai a yau niƙaƙƙen soso ne, kuma ana iya yin sa a gida. A yayyanka tsohon soson kujera, a zuba a injin markaɗe da ruwa, a matse, a cakuɗa da fentin akirilik mai arha, a shanya, a tankaɗe. (Injin dai ya zama wanda uwargida ta sallama, domin ba zai sake komawa kan tattasai ba.) A nan nake ganin mai haɗa nasa ya fi mai saye, ba don kuɗi kaɗai ba. Koren da ke fitowa daga kwalba yana da kaifi fiye da na kowace ciyawa da Allah ya halitta. Sai an karya shi da ruwan ƙasa ko ɗan rawaya, kuma a yi kwaɓi uku ko huɗu mabambanta, a barbaɗa wani kan wani, a bar ƙasa tana leƙowa nan da can. Wanda ya taɓa kallon gefen dogo daga Kaduna zuwa Kano bayan kaka ya san kore kaɗan ne a wurin: jar ƙasa ce, da busasshiyar ciyawa, da baƙin inda aka yi gobarar daji.

Ƙasa ta gaske kyauta ce, kuma babu fentin da ya kai ta kama da ƙasa. Amma tana da sharuɗɗa biyu. A gasa ta a tanda don kashe ƙwari da ƙwayayensu. Sannan a bi ta da maganaɗisu, saboda ƙasa da yashi sukan ƙunshi ɓurɓushin ƙarfe, injin ɗan jirgin kuwa akwai maganaɗisu a cikinsa. Zai zuƙe ɓurɓushin ya lalata kansa. A kuma sani cewa ƙasa takan ƙara duhu idan gam ya ratsa ta, don haka a zaɓi wadda ta fi haske da ɗan kaɗan.

Liƙawa ma da ilminta. Farin gam na kafintoci ake tsinkawa, kashi ɗaya gam, kashi uku ko huɗu ruwa. Idan aka ɗiga shi kai tsaye a kan busasshen gari, sai ya dunƙule ya gangara ya bar ramuka. Dole a fara fesa ruwan da aka sa wa ɗigon sabulun wanke kwanuka, ko sifirit, domin ya ratsa garin, sannan gam ya biyo baya. Wanda ya yi tudunsa da farin soson kwalin kaya kuma ya guji fentin feshi na gwangwani, yakan narkar da shi.

Sauran tarkacen ba su da iyaka: busasshen ganyen shayi a matsayin ganyayen da suka zube a ƙarƙashin itace, warwararriyar igiya ko gashin tsohon burushi don dogayen ciyayi, yadin gashin roba da ake ɗinka 'yar tsana da shi don makiyaya. Ganyen shayin sai ya bushe ƙayau, in ba haka ba ya yi fumfuna.

Akwai inda arha ke kasawa. Gansakukar masu shirya fure rinanniya ce, takan koɗe idan rana na taɓa ta, takan kuma bushe ta karye. Ciyawar da ke tsayawa a miƙe, wadda ake yi da gajerun zaren nailan ana tsayar da su a cikin gam da cajin lantarki, ba a samun madadinta a shagon kayan ado. Zaren dole a saya. Na'urar barbaɗa shi ce kawai wasu ke haɗa wa kansu, da raket ɗin kashe sauro mai batir da matatar shayi ta ƙarfe: waya ɗaya a jikin matatar, ɗaya a jikin ƙusar da aka soka cikin ɗanyen gam. Tana aiki sosai a kan gajeren zare, amma duk wanda ya bari yatsansa ya taɓa matatar kafin cajin ya sauka, zai sha jan wuta.