Tseren Mota a Waya: Lissafi Ne Ke Cin Gasa

Duk wanda ya tashi a Rido ya saba da ƙugin tankokin mai, tunda garin na maƙwabtaka da Matatar Mai ta Kaduna da aka buɗe a 1980. Amma ranar Asabar da muka leƙa wata rumfar cajin waya a garin, wata hayaniya daban muka tarar. Ɗalibai uku sun haɗa kai a kan waya guda suna gardama: a canza taya yanzu, ko a jira?

Wasan tseren mota suke yi ta intanet, sai dai babu mai tuƙi a cikinsu. A wasanni irin su iGP Manager da F1 Clash, kai manajan ƙungiya ne. Kai ke zaɓen direba, ka kashe kuɗin ƙungiya wajen inganta mota, ka yanke lokacin da za ta tsaya a sauya mata taya, kana karawa da wasu 'yan wasa daga ƙasashe daban-daban.

An kwaikwayo wannan ne daga gasar Formula 1. A can, taya mai jan zane tana da laushi da gudu amma saurin cinyewa gare ta. Mai farin zane ta fi ƙwari da daɗewa. Mai ruwan ɗorawa tana tsakiya. A gasar Katar ta 2023, makanikan McLaren sun sauya tayoyi huɗu cikin daƙiƙa 1.80. Duk da haka, shiga wurin gyara da fitowa kan cinye wajen daƙiƙa 20.

A nan lissafin aji ke shigowa. Mu ɗauka tsayawa za ta ci maka daƙiƙa 22, sabuwar taya kuma za ta rage maka daƙiƙa ɗaya a kowane zagaye. In saura zagaye 15, ka yi asarar daƙiƙa 7. In saura 30, ka ci ribar 8. Gardamar ɗaliban nan ke nan, ko da ba su lura darasin lissafi suke yi ba.

Wannan sana'a ce ta gaske, kuma ba ta maza kaɗai ba ce. Hannah Schmitz, wadda ta karanci injiniyanci a Jami'ar Cambridge ta Ingila, da irin wannan lissafi ta yi suna a ƙungiyar Red Bull, har aka tura ta karɓar kofi a gasar Brazil ta 2019.

To amma fa, kowane allazi da nasa amanu. Sauke yawancin wasannin nan kyauta ne, sai dai da ka yi nisa za a fara yi maka tallar kayan da ake saya da kuɗi na gaske. Data na tafiya, ga kuɗin caji. Wasu gasannin kuma suna da ƙayyadadden lokaci, ba ruwansu da cewa gobe kana da gwaji, ko WAEC da NECO sun ƙarato.

Shawararmu ita ce ku riƙe kanku yadda kuke riƙe ƙungiyar. Tun daga 2021 aka ƙayyade wa ƙungiyoyin Formula 1 kuɗin da za su kashe a shekara, an fara da dala miliyan 145. Ku ma ku yi wa kanku iyaka: wasa sai ƙarshen mako, bayan an gama aikin gida, kuma kada a taɓa katin bankin iyaye.

Ga namu gwajin: tsayawa za ta ci daƙiƙa 24, sabuwar taya na rage daƙiƙa ɗaya da rabi a kowane zagaye. Zagaye nawa za a yi kafin a mayar da asarar? Ku gwada a littafinku, amsa sai fitowa ta gaba.