Turaren wuta a masallatan Kalley: gaskiya da ƙage

Turaren wuta haɗi ne na itace mai ƙamshi, ƙaro da man turare, ana zuba shi kan garwashi a kasko na ƙasa ko na ƙarfe. A Kalley, ɗaya daga tsofaffin unguwannin Yamai, akan turara masallatai da shi, musamman ranar Juma'a da cikin watan azumi. Maganganu sun yi yawa a kansa.

Masu cewa turara masallaci bidi'a ce sun yi kuskure. Abu Dawud da Tirmizi sun ruwaito daga Nana A'isha cewa Annabi (SAW) ya umarci a tsabtace masallatai, a sanya musu ƙamshi. A Madina ma an san Nu'aim al-Mujmir, wanda laƙabinsa ya samo asali daga turara masallacin Annabi. Amma turaren ba sharaɗin salla ba ne. Batun cewa hayaƙinsa yana korar aljanu ko ya gaggauta karɓar addu'a ba shi da tushe ingantacce, kuma a nan ne 'yan damfara ke cin kasuwarsu.

Zancen cewa turaren yana karya azumi yana da rabin gaskiya. A mazhabar Malikiyya, wadda akasarin 'yan Nijar ke bi, jin ƙamshi kawai ba ya ɓata azumi. Wanda ya kusanto kasko ya shaƙi hayaƙin da gangan har ya kai maƙogwaro, shi ne zai rama.

Sai abin da ake zubawa. Itacen udu na ainihi daga bishiyar Aquilaria yake fitowa, a Indiya da kudu maso gabashin Asiya, kuma ya yi ƙarancin da tun 2005 yarjejeniyar ƙasa da ƙasa ta CITES ke sa ido kan cinikin dukkan jinsinsa. Mai arha yawanci ɓarɓashin itace ne da aka jiƙa da man turare da sukari. Ba laifi a yi amfani da shi, laifin a sayar da shi da sunan udu. Lubban ƙaron bishiya ne, ɗan'uwan hano na dajin ƙasar Hausa, kajiji kuwa saiwa ce.

Masu cewa hayaƙin ba ya cutarwa su ma ba su yi daidai ba. Garwashi a rufaffen ɗaki yana fitar da iska mai guba marar wari, hayaƙin kuma yana tayar da asma. Shi ya sa ya fi kyau ladani ya turara kafin jama'a su taru, ya buɗe tagogi, ya fitar da kaskon waje nesa da darduma.