Lissafin Wutar da Ke Shiga Batura da Wadda Ke Fita

A gundumomi da yawa yanzu akwai ɗakin magani ko ofishin hakimi wanda aka sa wa wutar hasken rana. Farantan da ke bisa rufi su ke tara wutar da rana su aika da ita cikin batura, da dare kuma a ɗebo ta. Baturan nan suna cikin mafi tsadar kayan, kuma galibi su ke fara mutuwa. In sun mutu firiji ya tsaya, maganin rigakafin yara, wanda ba a so zafinsa ya wuce digiri 8, ya lalace, ungozoma kuwa ta koma karɓar haihuwa da tocila.

Ba sai mutum ya zama injiniya zai iya tsare wannan dukiya ba. Aikin daidai ya ke da na baitulmali, watau a san abin da ya shiga, da abin da ya fita, da abin da ya rage.

Ma'aunin gudun wuta shi ne amfiya. In aka riɓa amfiya da sa'o'in da wutar ta yi tana gudu, sai a sami amfiya-sa'a, watau yawan wutar da aka kashe. Firijin da ke jan amfiya 5, in ya yi aikin sa'a 12, ya ci 60 ke nan. Batura biyu masu bolt 12, kowane mai ɗaukar 200, in an haɗa su kafaɗa da kafaɗa sun zama 400. Amma batirin dalma, irin wanda Gaston Planté na Faransa ya ƙago a 1859, ba ya son a kwashe fiye da rabinsa. Saboda haka 200 ne kawai na kashewa, sauran jari ne, ba a taɓa shi.

Mutane da yawa su kan dubi bolt kaɗai su ce batir ya cika. Nan ruɗi ya ke. Cikakken batirin da ya huta ya kan nuna wajen bolt 12.7, wanda ya rage rabi kuwa wajen 12.2, tsakaninsu rabin bolt ne tak. Bugu da ƙari, da tsakar rana sa'ad da wuta ke shiga ya kan nuna 14 ko da bai cika ba, da an kunna kaya kuma sai ya faɗi. Ba ya faɗin gaskiya sai an cire masa kome ya huta sa'o'i, ɗakin magani kuwa ba shi da wannan dama.

Abin da ya fi shi ne mita mai ƙidayar amfiya-sa'a. Ana ɗaura wani guntun ƙarfe da a ke kira shant a kan wayar da ta fito daga kan batir mai alamar ragewa, mita kuma tana auna duk wutar da ta ratsa shi, ko shiga ko fita. Sharaɗi guda ne: lalle kowace waya ta bi ta cikinsa. Wanda ya maƙala waya a kan batir kai tsaye don cajin wayoyin hannu, ya ɗebi kuɗi ba rasit, littafi zai nuna akwai alhali babu.

Ya kamata malamin da ke lura da wurin ya rubuta abin da mita ta nuna sau biyu a yini, da asuba kafin rana ta fito da kuma almuru. A tuna kuma batirin dalma ba ya mayar da duk abin da aka ba shi. In an ɗebi 100, sai an zuba wajen 110 kafin ya koma yadda ya ke. Mitar ma ta kan yi kuskure kaɗan kaɗan, sai a daidaita ta ran da batura suka cika sosai.

Bayan mako biyu ko uku littafin zai fara magana. In shiga ta ragu a watan Disamba ko Janairu, ƙurar hunturu ce ta rufe farantai, a wanke su da sassafe. In cikin Agusta ne, gizagizai ne, sai a rage kashewa, a bar firiji da fitilar ɗakin haihuwa. In fita ce ta ƙaru ba dalili, a bincika, watakila wani ya kawo dutsen guga. In kuwa shiga da fita suna nan yadda aka saba, amma wuta na ɗaukewa kafin asuba, baturan sun tsufa, a kai rahoto tun ba su mutu ba. Kada dai a bar su kwana da kwanaki ba su cika ba, gama wani farin gishiri ya kan daskare a jikin dalmar, ba ya kuwa narkewa.

Inda aka sa batirin litiyam ana iya kwashe fiye da rabi, amma bolt nasa ya fi na dalma ɓoye gaskiya, don haka ƙidayar ta fi wajaba a can.

In hakimi ya fita rangadi, ya dace ya nemi a kawo masa littafin nan, ya duba ko akwai ranakun da aka tsallake, sa'an nan ya sa hannu.